Garin Darbejiyar da Inna Take Aiko Min

Ranar sadakar ukun Inna, duk matar da ta durƙusa a gabana gaisuwa biyu ta yi min. Ta farko na san ta, ita ce ta kowa: ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa can ya fi mata nan. Ta biyun ce ta ɗaure min kai. Da mace ta shafa addu'a sai ta matso, ta rage murya, ta ce, "To ya jikin naki? Ana dai samun sauƙi?"

Da aka fara tambayata na ɗauka gajiyar hanya ake nufi, tunda daga Kano na zo, sai na ce da sauƙi. Kafin azahar na amsa "da sauƙi" har bakina ya gaji, ni da rabona da ko ciwon kai tun damina. Wata tsohuwa maƙwabciyar Inna, wadda suka yi shekara da shekaru suna soya ƙuli tare, har hannuna ta kama ta juya, ta bi farcena ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen gyaɗar iri.

"Alhamdu lillahi, shuɗin ya tafi," in ji ta. "Ina ma ta gani da idonta. Da ciwon nan naki take kwana, da shi take tashi, baiwar Allah."

"Wane ciwo, Iya?"

Ta dube ni, ta dubi Gwaggo, wadda ta raine ni, da ke zaune gefena. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Tsohuwar ta saki hannuna ta ce, "Halin uwarta sak," ta dafa bango ta tashi.

'Yan'uwa sun ce in rubuta wani abu a kan Inna, tunda ni ce 'yar bokon gidan, kada jikoki su tashi ba su san ta ba. Na karɓa. Amma gara in faɗa tun yanzu, a duk waɗanda suka zauna a tabarmar nan ta Karaye, ni ce na fi kowa rashin sanin mahaifiyata.

Ni ce 'yar farinta. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Wasu matan suna sassautawa in shekaru sun ja. Inna kuwa ta riƙe abin nan da hannu biyu har ta koma ga Allah. Ana yaye ni Gwaggo, yayar mahaifina, ta goya ni zuwa Rogo Sabon Gari, a can na tashi. Sunana a bakin Inna shi ne "ta Rogo". In na zo hutu sai ta dubi Auta, ƙanwata, ta ce, "A ba ta Rogo ruwa." In babu Auta sai ta gaya wa duk wanda ke kusa. In babu kowa a tsakar gida, turmi take gaya wa. Na sha jin ta tana cewa, "Akwai fura a ɗaki, in da mai sha," ita da ni kaɗai a gidan, fuskarta na kallon katanga.

Mace ce doguwa, maras ƙiba, mai saurin hannu da nauyin baki. Sana'arta ƙuli da man gyaɗa, har ƙamshin suya ya zauna a zannuwanta, wanki ba ya fitar da shi. Magana ɗaya gare ta da take yi wa komai: "A bari ya huce." Tuwo ne, a bari ya huce. Yara sun yi faɗa an kawo ƙara, a bari ya huce. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ƙannensa suka tayar da maganar gona tun ba a yi bakwai ba, abin da ta ce musu ke nan daga bayan labule, kuma suka bari ɗin.

A bayan ɗakinta akwai wata tsohuwar darbejiya. Babu matar da za ta haihu a unguwar ba a karyo reshenta ba. Inna ce mai hura wutar wankan jego, ita ke tsoma ganyen a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa mai jego a baya, safe da yamma, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. 'Ya'yan mutane da yawa sun yi arba'in a hannunta. Ni da na haifi ɗana na fari, a Rogo na yi nawa wankan, a hannun Gwaggo. Na san al'ada ce. Sanin bai hana abin ya tsaya min a wuya ba.

Sau ɗaya muka taɓa yin faɗa, in har za a kira shi faɗa, don ni kaɗai na yi. Shekarar da na gama digirina na farko na kawo takardar shaidar har gida, na same ta tana matsar mai, na ɗora mata a cinya. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce da Auta, "Zo ki ɗauke takardar mutane, kada mai ya taɓa ta."

Raina ya ɓaci, na manta da duk tarbiyyar Gwaggo. Na ce, "Inna, wai tsinto ni aka yi ne? Ki faɗa min in sani, in daina wahalar da ƙafata."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Auta, gaya mata tuwo na nan an kwashe. A bari ya huce."

Ban ci tuwon ba. Na hau acaɓa na koma Rogo ina kuka, Gwaggo ta ƙara min da nata faɗan. Washegari da hantsi wani mai babur ya yi sallama, ya miƙo kwalbar man gyaɗa sabon matsa, ya ce daga Karaye. Na ce ba saƙo? Ya ce ba saƙo. Wata bakwai na yi ban taka gidan ba, da na koma kuma ba wanda ya tayar da zancen.

Yanzu dole in ɗan shiga maganar aikina, don ba a gane ƙarshen Inna sai da shi.

Malamar kemistiri ce ni a wata makarantar 'yan mata a Kano. Da yarana suka tasa na koma jami'a neman digiri na biyu. Akwai wani farin sinadari da ake kira taitaniyam dayoksaid. Kowa ya taɓa shi bai sani ba, shi ke sa farin fenti ya yi fari. In aka yi shi ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya, yana samun wani hali: in aka zuba shi a ruwa mai rini haske ya buge shi, sai ya cinye rinin ya bar ruwan garau. Duk wanda ya ga irin ruwan da ke fita daga marina da masana'antu ya san amfanin wannan. Hanyar da aka saba haɗa shi tana cin sinadarai masu dafi. Mu tamu hanyar da ganye ce. A tafasa garin ganye, a tace, a riƙa ɗiga ruwan a kan ruwan taitaniyam ana juyawa, har ya tsinke ya dunƙule kamar awara in an zuba mata ruwan tsami. A wanke, a busar, a gasa a tanderun lantarki mai tsananin zafi, sai a sami hoda. Daga nan a kai ta gaban na'urori su faɗi ko ita wace ce. Wata ta harba mata hasken eksire ta faɗi yadda ƙwayoyin suka jeru, wata ta ɗauki hotonsu ta ƙara masa girma, wata ta fito da duk abin da ke cikinta. Farfesan da ke duba aikina yana kiran wannan matakin binciken asali, wai kamar na mai neman aure.

Ganyen darbejiya aka zaɓa min. Kano cike take da darbejiya, amma Farfesa ya ce ba ya son ta bakin titi da ta sha hayaƙin mota. Ya kafa min sharuɗɗa: itace ɗaya kullum, nesa da hanya, a tsinka da safe, a wanke, kada ya taɓa ƙasa, kada rana ta taɓa shi. Na buga wa Gwaggo waya na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, don na san akwai darbejiya a gidanta. Ta ce, "To, Allah ya sa mu ga ƙarshen bokon nan da alheri."

Daga nan duk wata sai direban motar garinmu ya kira ni in je tasha in karɓi ƙulli. Baƙar leda ce, a cikinta tsumma mai tsabta, a cikin tsumman garin ganye, an daka an tankaɗe, lukui kamar kuka. Ni ganye na ce, ban ce a daka ba. Amma na ji daɗi an rage min aiki. Garin ya ɗan fi wanda na sani duhu, na ce inuwa ce. Na buɗe littafina na rubuta: an wanke, an shanya a inuwa, an daka. Na rubuta abin da idona bai gani ba, kuma kullum ina hana ɗalibaina yin haka.

Sai abin mamaki ya faru. Abokan karatuna hodarsu fara ce tas, kuma ba ta aiki sosai sai an kunna mata wata fitila ta musamman. Tawa tana da ɗan ruwan ƙwai kaɗan, kuma in na zuba ta a ruwan shuɗin rinin da muke gwaji da shi na ajiye a bakin taga, rana kawai ta ishe ta. Tsakanin hantsi da azahar ruwan ya washe. Farfesa, mutumin da ba ya yabo, har kiran wasu malamai ya yi su zo su gani. Na yi ta maimaitawa, wata da watanni, har shuɗin ya kama min farce da gefen yatsu, sabulu ba ya fitar da shi. Na rame, don ina koyarwa da safe, in tsaya a ɗakin gwaji da yamma, abinci sai in na tuna.

A haka na je Karaye da Babbar Salla. Na durƙusa na gai da Inna, ta amsa wa ƙofa kamar yadda ta saba. Da na miƙa hannu zan karɓi ƙwaryar fura, na ga idonta ya tsaya a kan yatsuna, ya daɗe. Sai ta ce da Auta, "A ƙara wa ta Rogo nama. A ba ta hanta." Na ce a raina yau kuma wace rana, na cinye abina.

Bayan Salla sakamakon na'urar ƙarshe ya fito. Farfesa ya ajiye takardar a gabana ya sa biro a kan wani ɗan tsini.

"Malama, mene ne wannan?"

"Ƙarfe ne, ranka ya daɗe."

"Na san ƙarfe ne. Ɗan kaɗan ne, amma shi ne yake sa hodarki take aiki da rana. Tambayata, wa ya sa shi?"

Na ce ban sa ba. Muka bi ruwan da nake aiki da shi, babu. Muka bi kwalabe, muka bi tanderun, babu. Na tsinko darbejiya a bayan jami'a na yi komai da hannuna: hoda ta fito fara tas, ba ƙarfe, ta kwanta a ruwan rini a bakin taga kamar alli. Na ce to ƙasar Rogo ce. Na hau mota na je, na sa aka ɗauko min tsani, na tsinki ganyen darbejiyar Gwaggo da kaina. Tana zaune tana kallona, sai gyara ɗankwali take yi.

"Gwaggo, wannan ce dai kike tsinkar min?"

"Darbejiya ai darbejiya ce, 'yar nan."

Na koma Kano na gwada. Fara tas, ba ƙarfe.

Nan kaina ya kulle. Na zargi na'ura, na zargi abokan karatuna, har na fara zargin ko ni ce nake zuba wani abu ban sani ba. Farfesa ya ce, "Ba zan sa hannu a kan abin da ba za ki iya maimaitawa ba. Ko ki gano inda ƙarfen nan yake fitowa, ko mu ajiye aikin nan mu sake sabo." Wahalar shekara biyu ke nan za ta tafi a banza. Kuma a watan ƙulli bai zo ba. Na kira direba ya ce ba a ba shi komai ba. Ina shirin sake kiran Gwaggo sai ga wayar Auta da safe, ina tsaye a gaban aji. Ta ce, "Yaya, ki taho. Inna lokaci ya yi."

Ashe ta daɗe tana fama da ciwo a ciki. Ba ta gaya wa kowa ba. Auta da suke gida ɗaya ba ta gane ba sai ranar da ta ga ta ɗaga taɓarya ta kasa, ta mayar ta jingine. Kwana tara bayan haka ta rasu.

To, ranar sadakar ukun nan, da la'asar ta yi mutane suka ragu, na ja Gwaggo zuwa ɗakin Inna na sakaya ƙofa. Auta ta biyo mu.

"Gwaggo, don girman Allah, wane ciwo ne nake yi da duk Karaye ta sani, ni ban sani ba?"

Ta zauna a bakin gado. Sannan ta ce, "Ta sa na yi mata alkawari. Amma yanzu mai alkawarin ta tafi." Ta share ido. "Ganyen nan ba ni nake aiko miki ba, Innarki ce. Ni da gwiwar nan, ina zan iya? Ranar kasuwa na zo nan na ba ta labari, na faɗa mata sharuɗɗan kamar yadda kika faɗa min. Itace ɗaya, da safe, kada ya taɓa ƙasa, kada rana ta gan shi. Tana ji ta ajiye abin da take yi. Ta ce, wannan ai sharaɗin magani ne."

"Amma na gaya miki na makaranta ne!"

"Na gaya mata. Wallahi na gaya mata, ba sau ɗaya ba. Ta ce wace makaranta ce ake karatu da darbejiya? Ta ce, ke kika raine ta, amma ni na haife ta. Ba ta faɗin ciwo. Ni ma ba na faɗa."

Auta ta ce, "Da kika zo da Salla ta ga hannunki, ranar ba ta ci abinci ba. Ta ce jinin ne ya fara ƙonewa."

"Me ya hana ta tambaye ni? Me ya hana ke ki tambaye ni?"

"Ta hana. Ta ce in kika san an sani, za ki ji kunya ki daina aikowa a karɓar miki."

Na rasa abin da zan yi, kuka ko dariya ko faɗa. Shekara biyu uwata tana jinyata ban sani ba, ta gaya wa maƙwabta su sa ni a addu'a, ni kuwa ina can ina murna ruwan rini ya washe. Kuma ko a wannan halin, Allah ya yafe min, malamar kemistirin da ke cikina ba ta yi shiru ba. Na ce, "Auta, a me take dakawa? Turmin ƙarfe ne? A kan kwanon rufi take shanyawa?"

"A'a, a faifai, a nan ɗakin. Sai dai in rubutun Kawu."

"Wane rubutu?"

"Duk wata take zuwa Tudun Kaya ta karɓo. Ta yayyafa a ganyen, ya bushe, ta sake yayyafawa, sannan ta daka."

Washegari na hau babur zuwa Tudun Kaya. Kawu yayan Inna ne, malami ne, ya tsufa har gemunsa ya koma fari fat, amma hannunsa ba ya rawa in ya riƙe alƙalami. Na same shi a zaure. Muka gaisa, muka sake yi wa juna ta'aziyya, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan shi ma ya ce, "Ya ƙarfin jikin?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, lafiyata ƙalau. Ban taɓa yin ciwon nan ba."

Na kwashe komai na gaya masa. Ya saurara, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ikon Allah. Ni ma na ce mata a kira ki a tambaya. Ta ce in dai zan rubuta in rubuta, in ba zan rubuta ba ta nemi wani. A ƙafa take zuwa, ka ce ta hau babur ta ce tafiyar ma tana cikin maganin. Ayoyin waraka nake rubuta mata, allo bakwai, in wanke ta tafi da shi a gora."

"Kawu, da me kake yin tawadarka?"

Ya jawo wata 'yar tukunya daga bayan buzunsa ya buɗe. Ya ce yawancin malamai da zuge da ƙaro suke yi, shi kuwa yadda ya gada wurin mahaifinsu yake yi: a jiƙa bagaruwa, a jefa kashin maƙera a ciki, wato ƙurar ƙarfen da ke zuba a maƙera, a bar shi ya kwana biyu har ya yi baƙi. Ya sa tsinke ya motsa, na ji abin yana ƙara a gindin tukunyar.

Ga ƙarfena. Wata uku ina neman sa a na'urori, yana nan a bayan buzun Kawu.

Na zaci zan ji daɗi. Sai wani abu ya taso min wanda ya fi na farko nauyi. Na ce, "Kawu, ka san abin da nake yi da garin nan? Tafasa shi nake yi, in haɗa da sinadari, in gasa a wuta, in zuba a ruwan datti. Sauran ruwan kuma a rariya nake zubarwa. Ayoyin Allah, Kawu. Shekara biyu."

Ya shafa gemu. Ya ce, "Abin da kika yi ba ki sani ba, ba a kama ki da shi. Ita ma da ta yayyafa, niyyarta ta isa inda ta aika ta. Amma yanzu kin sani."

"To aikin nawa fa?"

"Aikinki ƙarfe yake so ko aya?"

Na ce ƙarfe. Na faɗa da sauri, don amsar da na karanta ke nan. Ya zuba min tawadar zalla a kwalba, wadda ba ta taɓa allo ba, ya ce in je in gwada.

Da na koma Karaye zan yi sallama, Auta ta hau kujera ta sauko da faifai daga saman kabad ɗin Inna. Ganyen watan da bai zo ba ne. Yana nan yadda ta bar shi, ya bushe, ba a daka ba, kowane ganye da ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsa. Shi ta ɗaga wa taɓarya ranar da ta kasa. Na juye shi a tsummansa na tafi da shi.

A Kano na yayyafa tawadar Kawu a kan ganyen da na tsinka da hannuna, na bi duk matakan. Hoda ta fito da ɗan ruwan ƙwanta, na'ura ta nuna ƙarfe, ruwan rini ya washe a bakin taga. Sai dai bai washe da azahar ba, sai da aka kusa la'asar. Na sake, haka. Farfesa ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, ban san yawan da ake yayyafawa ba, ban san sau nawa ba, kuma tawadar da aka wanke daga allo ba ɗaya take da ta kwalba ba. Na san gaskiya ya faɗa, ni ma abin da zan gaya wa ɗaliba ke nan. Duk da haka na koma gida raina ba a kwance ba.

Da ya ji akwai ragowar ganyen asali, har tashi ya yi daga kujera. "Malama, ai shi ke nan! Kawo shi mu auna, mu yi haɗi ɗaya da shi, mu kwatanta. Duk sakamakonki na shekara biyu ya tsaya da ƙafarsa, ki kare kundinki a kan lokaci."

"In ban kawo ba fa, ranka ya daɗe?"

"Sai ki sake gwaje-gwajen daga farko da tawadar kwalba, ki nemo ma'aunin da kanki. Ki ɗauka wata shida ne, in kin yi sa'a."

Na ce ya ba ni lokaci. Kwana da kwanaki tsumman nan yana cikin jakata, ina zuwa da shi ɗakin gwaji ina komawa da shi. Sau biyu na kwance shi a gaban ma'auni na sake ɗaurewa. Na kasa gane ko tsoron Allah ne yake hana ni, ko dai kawai ba na son in ga abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa ya shiga wuta. Har yau ban raba biyun nan ba. A ƙarshe na je na ce da Farfesa zan sake daga farko. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ganye ne fa, Malama." Na ce, "Ba na gwaji ba ne, ranka ya daɗe. Aiko min aka yi."

Ranar sadakar arba'in na isa Karaye da hantsi, kafin mata su taru. Na ɗauko turmin Inna na daka ganyen da kaina, na tankaɗe. Auta ta hura wuta, muka tafasa a 'yar tukunyar da take dafa shayi, na tace a kofin silba. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallonmu. Na ɗauki kofin zan kai baki, tururi na dukan fuskata, sai ta ce, "Ke 'yar nan, a bari ya..." Ba ta ƙarasa ba, ta rufe fuska da mayafi.

Na ajiye na jira ya huce. Sannan na yi bisimilla na shanye. Ban taɓa sa abu mai ɗaci irinsa a bakina ba, har hawaye ya zubo min, kuma da ya fara zuba bai tsaya ba. Allah ya jiƙan wadda ta tsinka, ya ba ta waraka irin wadda ta yi ta nema min a ƙafa.

Da mata suka fara shigowa, tsohuwar nan maƙwabciya ce ta farko. Ta durƙusa da ƙyar ta yi addu'a, ta shafa. Sannan ta matso, ta kama hannuna ta juya. Da yake na riga na koma bakin aiki, shuɗin ya dawo farcena. Na ga fuskarta ta canza.

"Ya jikin, 'yar nan?"

Na buɗe baki zan yi mata bayanin rini da hoda da na'ura. Sai na dubi ƙofar ɗakin Inna, na dubi turmin da take gaya wa saƙona.

Na ce, "Da sauƙi, Iya. Na sha maganin."